Ranar da Na Yi wa Ladan Ƙaho Bai Karya Kumallo Ba

Ku kashe janareton nan tunda ba kowa a kujera, ku matso. Jiya ina zaune a bencin nan na ji ɗayanku yana cewa wai ƙaho ba wani abu ba ne, in ya je Funtuwa zai sayo kofunan roba da ɗan famfonsu, ya kafa allo a ƙofar shago, shi ke nan ya zama gwani. Ban tanka ba don akwai goro a bakina. Yau na tofar da shi, sai ku yi haƙuri da ni.

Ni ne Sule Wanzam na Ketare, in akwai wanda bai sani ba. Na haura shekara hamsin da zabira a kafaɗa, wannan jakar fatar da kuke yi wa dariya kuna cewa ta girmi iyayenku. Ta girme su kuwa. Ba kasuwar da ban shimfiɗa buzu ba tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa, kuma rabin magidantan da ke zuwa ku zaga musu kilifa, injin askin nan naku, a ka, ni na yi musu askin suna. Ba na raina sana'arku, wallahi, kuna da tsabta, kuna da sauri. Amma taɓa suma daban, taɓa jini daban. Wanda ya ɓata wa mutum aski, mako biyu an manta.

Aikin farko da babanmu ya ba ni shi ne wasa aska. Shekara biyu cur ban taɓa kan mutum ba. In wasa a dutse, in goga a fata, in miƙa masa, ya gwada a gashin hannunsa, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Ma'ana ba ta yi ba. Da ya ga hannuna ya fara faɗawa, sai ya shafa wa duma sabulu ya ce in aske, in kuwa ya ga ƙarzuwa ɗaya a jikin duman, ranar kunnena sai ya yi zafi. Kan mutum na farko da na aske na wani tsohon makiyayi ne a kasuwar Faskari. Tsohon ya yi barci a hannuna, babanmu ya ce, "To, yanzu ka fara." Ƙaho kuwa sai da gemu ya tsiro min ya bar ni na riƙe.

Ƙahon saniya ne, a yanke shi gajere, a kankare bakinsa ya yi sumul don kada ya ci fata, a huda tsininsa. Ka kafa a bayan mutum, ka zuƙe iskar da bakinka, ka tura kakin zuma da harshe ka toshe hudar. In fata ta taso ka cire, ka yi ƙananan tsaga, ka mayar, ka sake zuƙa. A faɗe kamar wasa. Amma sanin inda za ka kafa, da zurfin da za ka tsaga, da lokacin da za ka ce ya isa ko da mai jiki yana cewa a ƙara, wannan ba a sayar da shi a kanti.

Wata rana a Sabuwa babanmu ya yi wa wani mahauci ƙaho a kafaɗa, aka cire, jini ya ƙi tsayawa. Ba tsartuwa yake ba, tsattsafowa kawai, a share ya dawo, a share ya dawo. Babanmu ya danne wurin da auduga tun hantsi har aka kira Azahar, mutane na layi suna jiransa, ko waiwaye bai yi ba. Da jinin ya kama, na ji ya sauke numfashi ya ce, "Sule, wanzami ba ya tashi sai jini ya kwanta." Tun daga ranar na riƙe cewa daskarewar jini ita ce babbar aminiyar mai aska. In na ga jini ya yi saurin kamawa, sai raina ya yi fari. Shekara arba'in ban san maganar tana da wata fuska ba.

Ɗayar dokarsa kuma ita ce ba a yin ƙaho da cikakken ciki. Mutum ya zo da sassafe kafin ya karya kumallo, in an gama ya je ya sha kununsa. Haka ya gada, haka na gada, kuma ga lafiyayyen mutum ban taɓa ganin illarta ba. Wannan dokar ce ta kai ni inda zan ba ku labari.

Malam Iro shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Tun kafin a saya wa masallacin lasifika yake kiran salla, kuma ko a lokacin masu gona a bayan gari da muryarsa suke ajiye fartanya. Murya ce mai kauri da sanyi, in ya ja ta sai ka ji kamar kai kaɗai yake kira. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta, ɗan gonarsa da tumaki uku da wannan muryar, su ke nan. Duk Juma'a da hantsi nakan je zaurensa in aske shi ƙwal, in gyara masa gemu. Sau biyu a shekara kuma in yi masa ƙaho a ƙeya da kafaɗu. Mutum ne mai barkwanci. Da na fito da 'yar tsaga sai ya ce, "Wanzam, yaushe za ka juyo in yi maka kai ma? Ko gaskiya ne da anka ce wanzami ba ya son jarfa?" In ce masa, "Malam, ranar da ka bar ni na kira Asuba."

Ciwon suga ya same shi ne a hankali. Ƙishirwa, yawan fitsari, rama, har babbar rigarsa ta fara yi masa yawa. Ɗansa Lawal ya kai shi asibiti a Kankara, aka gwada, aka ɗora shi a kan ƙwaya, kullum da safe ɗaya, aka ce ya rabu da zaƙi. Matarsa Hajiya Abu ta ɗauki maganar da hannu biyu. Ta kori suga daga gidan baki ɗaya, ko rake yara suka shigo da shi sai ta bi su da tsintsiya. Ni kuma abin da na ji game da masu wannan ciwon shi ne rauninsu ba ya saurin warkewa. Don haka na rage zurfin tsaga, na koma sabuwar reza fil daga takarda, ina goge wurin da maganin asibiti. A ganina na gama kiyayewa. Na yi masa sau uku a haka lafiya lau, domin rana na fitowa nake zuwa, kafin a sauke tukunyar kunu na gama.

Sai shekarar nan mai wuya ta zo, ku ma kun san ta, ba sai na tsaya bayani ba. Mutanen daji masu bindiga suka hana noma, aka rufe kasuwanni, aka katse layin waya, mashin ya zama abin ɓoyo. Ni da ke cin kasuwa uku a mako na koma zaman ƙofar gida ina wasa askar da ba kan da za ta hau. Suna ma a ɓoye ake yi, a raɗa wa jariri suna da safe, kowa ya watse. 'Yan'uwan Malam Iro daga ƙauyukan wajen Tafoki suka gudo suka cika masa gida, mata da yara har a ɗakin tumaki. Tuwon da ake ci sau biyu ya koma sau ɗaya. Daga baya Hajiya Abu ta gaya min cewa in an kai masa nasa, sai ya yi loma uku ya turo kwanon wa yara, ya ce ya ƙoshi. Abinci ya ragu, ƙwaya kuwa tana nan yadda take, kullum ɗaya. Ba wanda ya kawo wannan lissafin a ransa.

Wata Juma'a ina aske shi ya ce, "Wanzam, wuyan nan ya yi min nauyi, kamar na ɗauko dami. Ka zo ka ja min jinin."

Na ce, "Sha bakwai ga wata na nan tafe, Malam. Zan zo da sassafe. Kada ka sa komai a bakinka."

Ya ce, "Maganina fa?"

Na ce, "Magani ai ba abinci ba ne. Sha abinka."

Ku riƙe wannan maganar. Da bakina na faɗe ta, ina karkaɗe tsumma, ko tunani ban yi ba.

Ranar sha bakwai, ina idar da sallar Asuba sai ga ɗan aike daga wata unguwa can bayan rafi, wai an haihu, yau suna, a zo a yi aski. Na daɗe ban samu irin wannan kiran ba, na ce bari in yi sauri in je in dawo. Da a da ne, mashin zai kai ni ya dawo da ni kafin rana ta yi zafi. A ƙafa na tafi. Na tarar kakar jaririn ba ta iso ba, kuma an ce ba a taɓa kan sai ta zo. Ba waya balle in aika wa Malam cewa ya ci abincinsa, mu bari sai wata rana. Gaskiya ma ko da akwai wayar, ban jin zan kira, don a wurina jira da yunwa ba wani abu ba ne, mutanen da ke azumi fa? Ban shiga zauren Malam Iro ba sai da rana ta kusa tsaka.

Na same shi zaune a tabarma ya jingina da bango, ya tuɓe riga, goshinsa na naso. Na yi sallama, maimakon barkwancin da ya saba sai ya ce, "Mi ya tsai da kai? Tun safe ka shanya ni kamar tsumma!" Shekara talatin ban taɓa jin ya ɗaga wa ko akuya murya ba. Na ba shi haƙuri, na ce a raina yunwa ce, yanzu za mu gama. Na kafa ƙaho huɗu, biyu a ƙeya, biyu a kafaɗu. Ina tsagawa ina jin fatarsa sanyi ƙalau, ga gumi kamar an watsa masa ruwa. Hannunsa da ke kan gwiwa yana rawa. Ya ce, "Wanzam, idona na ganin biyu-biyu." Na ce, "Ciwon ne ke fita, Malam, daure."

Da na cire ƙahon farko na girgiza a kasko, gudan jini ya faɗo baƙi ƙirin, a dunƙule kamar yankan hanta. Wallahi daɗi na ji. Na ɗaga kaskon na kai gaban fuskarsa na ce, "Dubi abin da kake yawo da shi a wuya!" Kallon kitse nake yi wa rogo. Ya kalli kaskon kamar bai gan shi ba, ya kira ni da sunan wani wansa da ya daɗe da rasuwa, ya ce in kore tumaki daga masallaci. Sai ya sulale ta gefe.

Na fizge sauran ƙahonin, na ƙwala wa mutanen gida kira. Hajiya Abu ta fito tana salati, muka yayyafa masa ruwa, na yi masa fifita da hulata. Na sha ganin mutum ya yi jiri a wurin ƙaho, ka kwantar da shi, ka ɗaga ƙafarsa, ya dawo. Wannan bai dawo ba. Idonsa a buɗe, yana gunaguni, amma ba ya tare da mu. Lawal ne ya yi hankali, ya ruga ya kirawo Malama Binta, ma'aikaciyar ɗakin shan maganin garinmu, wadda gidanta ke bayan masallaci.

Ta shigo da 'yar jakarta, ta huda masa yatsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura, ta duba. Ba ta yi wata-wata ba ta ce, "A kawo suga da ruwa, yanzu."

Hajiya Abu ta dafe ƙirji. "Suga? Ke ɗiyar nan, so kike ki ƙarasa min shi? Shekara biyu ina tsare shi da suga!"

Malama Binta ta ce, "Inna, yau rashinsa ne zai kashe shi. Sugan jikinsa ya faɗi ƙasa warwas. Don Allah a yi sauri."

Ko ƙwaya ɗaya babu a gidan. Sai da Lawal ya je wurin mai shayi ya samo. Ta tallafo kansa, ta tabbatar yana iya haɗiya, ta riƙa ba shi cokali-cokali. Muna tsaye cirko-cirko. Can sai rawar hannun ta lafa, ya ƙifta ido, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Lafiya kunka taru a kaina? An kira Azahar?" Hajiya Abu ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Aka dama kunu ya sha, har ya tsokane ni, wai na zo kashe shi don in gaji lasifika.

Ina haɗa kayana Malama Binta ta ce, "Baba, in ba damuwa, mu ɗan fita." A ƙofar gida ta tambaye ni abin da ya ci tun safe. Na gaya mata gaskiya, har maganar ƙwayar. Yarinya ce mai ladabi, ni na yi mata askin suna, ba za ta yi min faɗa ba. Don in kare kaina sai na nuna mata kaskon na ce, "Amma dubi mugun jinin da ya fita."

Ta ce, "Baba, kowane jini in ya fito waje ya zauna sai ya daskare, naka da nawa duka. Na cikin kaskon nan bai gaya maka komai ba. Wanda nike tsoro shi ne wanda ya rage a jikinsa."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "In suga ya faɗi irin haka, jiki ɗauka yake an kawo masa hari. Ka ga yadda in an ji harbi a bayan gari kowa ke rugawa ya datse ƙofa? Haka jiki ke yi. Zuciya ta hau bugu, gumi ya karyo, jini kuma ya yi shirin kamawa kamar an sari mutum, alhali ba rauni. Sai ya yi danƙo, ya riƙa saurin haɗa gudaji a cikin jijiya, gudajin kuma ba su narkewa da wuri. Mai ciwon suga dama hanyoyin jininsa sun riga sun yi kaushi, sun matse. Guda ɗaya ɗan mitsitsi in ya je ya toshe ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, an shiga uku."

Na ce, "To ai ga shi can shina dariya."

Ta ce, "Sugan ya dawo nan da nan. Jinin ba ya hucewa da sauri haka, yakan ɗauki kwanaki. A kai shi Kankara likita ya duba shi, a gyara masa maganin, tunda ba ya samun abinci kamar da. Kuma a sa masa ido. In an ga baki ya karkace, ko hannu ya yi nauyi, ko ƙirji ya riƙe, kada a jira komai."

Ta faɗa wa Lawal haka, ta faɗa wa Malam. Malam ya ce shi ya warke sarai, ba zai sa ɗansa a hanyar da ake tare mutane ba saboda jirin minti goma. Lawal ya juyo ya dube ni, don ni ne babba a wurin, ni ne kuma wanda ya ga jini ya fi a ƙirga. Ya ce, "Baba Sule, kai mi ka gani?" Na ce, "Jiri ne, na saba gani. A bar shi ya huta, a ba shi abinci." Na ji maganar yarinyar sarai, amma a kunnena ba ta zauna ba. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana roƙon Allah jini ya kama, ta yaya za a ce masa kamawar ce abin tsoro? Aka bar zancen tafiya.

Kwana uku bayan nan, ina alwalar Asuba a tsakar gida, Malam Iro ya fara kira. Kabbarorin farko lafiya lau. Da ya zo shahada sai na ji harshen ya yi nauyi, kamar mai magana da tuwo a baki. Na tsaya da buta a hannu. Ya sake ɗaukowa, kalmar ta ƙi fita, sai wani gurnani. Daga nan lasifikar ta kawo ƙarar faɗuwar abu, sai shiru. Ko takalmi ban sa ba na ruga masallaci. Muka same shi a kwance kusa da abin magana, baki ya koma gefe guda, hannun dama ya saki kamar ba nasa ba.

Ba mai bin hanya kafin gari ya waye sosai a wannan shekarar, mota kuma ba ta samu ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Da ni aka tafi, kansa a cinyata. A asibiti likita ya ce gudan jini ne ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ce. Da ya fito na tare shi a baranda na ce, "Likita, don girman Allah ka gaya min, ƙahona ne?" Ya saurari labarin duka, bai katse ni ba. Ya ce, "Baba, ba zan rantse maka cewa abu kaza ne shi kaɗai ba. Akwai shekaru, akwai hawan jini, akwai ciwon da ya daɗe yana cin jijiyoyinsa. Tsagar da ka yi ba ita ce matsalar ba. Amma mutum ya sha wannan ƙwayar ya wuni ba ci, sugansa ya faɗi har ya fita hayyacinsa, bayan kwana uku wannan ta biyo baya, ba zan ce maka ba ruwan wancan da wannan ba." Ya koma ciki. Na zauna a dakalin asibitin, kunya da baƙin ciki suka rufe ni, ban taɓa jin na tsani hannuna ba sai ranar.

Tun daga lokacin, kafin in kwance bakin zabira sai na yi tambaya. Kana da ciwon suga? Kana shan magani ko allura? Me ka ci yau, kuma yaushe? Wani ya ji haushi ya ce ya zo wurin wanzami ne ba asibiti ba. In ce masa ga hanya nan. Mai suga ba na kafa masa ƙaho da yunwa, ko zai kawo min malamai goma su ce ranar ce mai falala, kuma sai ya je ya ji ta bakin masu duba shi tukuna. Yawancinsu ma sallamarsu nake yi da aski kawai. A aljihun zabira, inda da nake ajiye layu, yanzu dabino ne da ƙullin suga. In kuka ga mutum a kujerarku yana gumi mai sanyi, hannu na rawa, ya hau faɗa ba dalili, kada ku ce zafin gari ne. Ku tambaye shi, in yana iya haɗiya ku ba shi zaƙi, ku aika a kira masu abin. In ya farfaɗo kuma kada ku ce an gama, a nan ne ni na faɗi. Na bar dokar babanmu a wannan wurin, kuma na san da yana raye shi zai fara barinta, don shi ba ya jayayya da abin da ido ya gani.

Malam Iro ya yi makonni a asibiti aka dawo da shi. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda. Hannun bai dawo ba. Magana kuwa sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai wanda ya saba da shi zai gane. Juma'ar farko na rataya zabira na nufi gidan, ina tafiya ina ji kamar in koma. Lawal na tsaye a bakin zaure. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Baba Sule, an gode. Za mu nemo mai kilifa."

Ban ga laifinsa ba. Na ce, "Ka bar ni in yi masa magana ɗaya, in tafi."

Ya matsa. Malam na zaune a tabarmar nan dai, an jingina shi da filo, sumarsa ta taru fari fat, gemu ya cukurkuɗe. Na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, ni na ce kada ka ci. Ni na ce ka sha maganin. Ni na shanya ka har rana tsaka, kuma da yarinyar nan ta ce a kai ka asibiti, ni na ce jiri ne. Ban zo in ce ƙaddara ba, kowa ya san da ita. Na zo ne in gaya maka nawa hannun a ciki, ka yafe min in za ka iya."

Ya daɗe yana kallona. Bakinsa ya motsa, abin da ya fito ban gane ba. Ya sake gwadawa, ya gaji, ya bari. Sai ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya cire hularsa, ya ajiye a kan gwiwa, ya sunkuyo min da kai.

Lawal ya juya ya shige cikin gida. Jim kaɗan ya dawo da ruwan ɗumi a kwano, ya ajiye kusa da ni.

Na jiƙa kan, na shafa sabulu, na fara daga ƙeya. Yau shekara huɗu ke nan ban fasa Juma'a ɗaya ba. Sai dai yanzu ba ya tashi da wuri, kafin a yi masa wanka a fito da shi rana ta ɗaga, don haka sau da yawa ina kan gyaran gemu ake fara kiran farko na sallar Juma'a. Wani matashi ne ke yi yanzu, muryarsa ba laifi. Da ya ɗauko kabbara sai leɓen Malam ya fara bi, maƙogwaronsa na hawa yana sauka a ƙarƙashin yatsuna, yana jan kowace kalma daidai inda ya saba janta, ba sauti ko kaɗan. Ba a aske maƙogwaron da ke motsi. Sai in ɗaga askar, in riƙe ta a sama, in jira shi har ya idar.